Mu'amalar Halittu da Mizanin da ke Tsakaninsu

Duk wanda ya tsaya a gefen gona ko bakin daji, ya yi duba irin na mai neman ibra, lalle zai tarar babu wata halitta, tun daga kiyashi har giwa, da Allah Maɗaukaki ya bari ta rayu ita kaɗai. Sai dai mu'amalar tasu iri-iri ce.

Akwai mu'amalar da kowa ke samun fa'ida, kamar ƙudan zuma da ke shan ruwan fure, yana ɗauke da ƙwayar barbara zuwa wani furen har itace ya yi 'ya'ya. Akwai wadda ɗaya ke amfana ɗayan kuwa bai ƙaru ba bai ragu ba, kamar balbela da ke bin shanu tana cafke farar da kofatonsu ya tayar. Akwai ta farauta, kamar shaho da 'yan tsaki, da ta gasa, kamar ciyawa da gero suna rigimar ruwa da taki, abin da ya wajabta noma da maimai. Mafi sharri ga manomi ita ce ta ƙuduji, wanda ƙwayarsa kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10, ba ta tsirowa sai ta ji alamar saiwar dawa ko gero, sa'an nan ta manne tana tsotse abincinta har karan ya ƙanjame.

Amma fa mizanin nan, da zarar ɗan Adam ya taɓa shi bisa jahilci, fasadi ke biyowa. A shekarar 1958 hukumar ƙasar Sin ta yi umarni a hallaka gwara saboda tana cin hatsi, aka manta cewa tana cin fara da ƙwari. Da gwara ta kusa ƙarewa, ƙwarin suka yawaita, suka ƙara tsananta yunwar da ta biyo baya.

Manoman Maradi da Damagaram kuwa, tun shekarun 1980, sun koma raya gawo a gonakinsu, domin itace ne mai zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka ɗaga gatari ko ka zuba guba, tambayi kanka wace hidima wannan halitta take yi maka da ba ka sani ba.