Giwa a bakin teku: wane wata za ka je Gabon?

Hotunan tallan gaɓar teku kusan duk iri ɗaya ne: farin rairayi, bishiyar kwakwa, ruwa garai-garai. Wanda ke son miƙe ƙafa ya sha iska, wannan ya ishe shi. Amma wanda zai zuba kuɗin jirgi don ya ga namun daji da idonsa, hoton ba abin da zai amfana masa. Shi sai ya fara sanin dabbar da yake nema, sannan watan da take fitowa. Maganar otal daga baya take zuwa.

Gabon ce ta fi nuna haka. A 2002 Shugaba Omar Bongo ya keɓe gandayen daji 13, bayan wani Ba'amurke masanin daji, Mike Fay, ya taka fiye da kilomita 3,000 a ƙafa daga Kwango har ya ɓulla bakin tekun ƙasar. Cikinsu akwai Loango, inda kurmi ke gangarowa har bakin tekun Atlantika, ba titi a tsakani, ba gini. Nan ake ganin giwayen kurmi da jajayen ɓauna suna tafe kan rairayi. Nan ne kuma aka ɗauki hotunan dorina cikin igiyar teku, waɗanda suka sa sunan wurin ya zaga duniya. Kada dai kowa ya sayi tikiti saboda dorinar nan. Sa'a ce, kuma ba kullum ake kwana a gado ba.

Sai dai dabbobin ba tare suke zuwa ba. Giwaye sun fi fitowa gaɓa da damina, wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da itatuwan bakin teku ke 'ya'ya. Rani na kamawa sai su koma fadamun ciki. A ranin ne kuma, daga Yuli zuwa Satumba, manyan kifayen wel masu doro ke isowa daga ruwan sanyi na kudancin duniya don barbara da haihuwa. Kifi dai muke ce musu, amma shayarwa suke yi, kuma iska suke shaƙa. To, wanda ya je a Agusta zai ga wel yana tsalle yana faɗawa ruwa, amma zai iya iske rairayin wayam ba giwa. Wanda ya je a Janairu kuwa ya sami giwa, wel ya daɗe da tafiya. Kamfanin da ya yi maka alkawarin duka biyun cikin mako ɗaya, ka ƙara yi masa tambaya.

Da ni za a tambaya, Disamba ko Janairu zan ce, saboda kunkuru. Gaɓar Gabon na cikin wuraren da kunkurun teku mai bayan fata ya fi yin ƙwai a duniya. Shi ne mafi girma a danginsa, yakan haura kilo 500, kuma bayansa ba ƙoƙo ba ne, fata ce mai kauri. Cikin dare macen ke fitowa, tana jan jiki da ƙyar, ta bar sawu kamar na tarakta. Sai ta share wuri da hannuwan gaba, ta haƙa rami mai zurfi da na baya, ta zuba ƙwai da sukan kai tamanin, ta binne, ta watsa rairayi don ɓad da sawu. Za ka ga ruwa na zuba daga idonta. Ba kuka take yi ba, gishirin jikinta take fitarwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa, kuma zafin rairayin ne ke raba jinsi: in ya yi yawa mata su fi yawa.

Wannan kunkurun ma shi zai taya ka tantance masauki. 'Ya'yan da suka fito daga rami haske suke bi, domin bisa al'ada ɓangaren teku ne ya fi haske da dare. Otal ɗin da ya kunna fitilu tar a kan gaɓa juya su yake yi zuwa tudu, inda kaguwa da tsuntsaye ke jira. Saboda haka in ka ga gaɓa da duhu, ɗan jagora riƙe da jar tocila, yana hana ka hasken kyamara, yana cewa ka tsaya ta bayan dabbar, to ka zo wurin da ya dace. Ledarka kuma ka tafi da ita, domin kunkurun kan haɗiye ta a ruwa, ya ɗauka abincinsa ce.

Loango akwai nisa, akwai tsada. Yawanci sai an bi ta Port-Gentil, sannan mota ko kwale-kwale mai inji, kuma ba a shiga Gabon sai da katin rigakafin shawara. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a Pongara, tsallaken ruwa daga Libreville, inda kunkurun nan ke hawa a daidai waɗancan watannin. Mazauna zangunan Gana kuwa ba sai sun hau jirgi ba: a Ada, inda kogin Volta ya faɗa teku, kunkuran teku na fitowa yin ƙwai a ƙarshen shekara, kuma daga Akara mota ake shiga.