Muryar da ta dushe ta ƙi dawowa

Kowa ya san dushewar murya. Mura takan kawo ta, ko yawan ihu ranar kasuwa. Wannan kwana kaɗan ne ta wuce. Amma akwai wadda takan zauna, ita ce zancenmu na yau.

Ku ɗora yatsa bisa maƙogwaronku, ku ce "aa". Kun ji yana rawa? A ciki akwai tantani guda 2. In za mu shaƙi iska sai su buɗe. In za mu yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta kaɗa su, murya ta fito. In za mu haɗiye ruwa sai su rufe, don kada ya bi hanyar iska.

Ba su motsi da kansu. Ƙwaƙwalwa ke aiko musu da saƙo ta cikin jijiya, kamar wayar tarho. To, ga abin mamaki. Jijiyar ba ta miƙe kai tsaye ba. Sai ta gangara har cikin ƙirji, sannan ta juyo ta hau maƙogwaro. Ta hagu ta fi tsawo, don tana zagaya babbar hanyar jini kusa da zuciya. Shi ya sa tantanin hagu ya fi yawan shanyewa.

Duk abin da ya taɓa jijiyar a hanya yana iya tsai da tantanin: ƙari a huhu, tarin fuka, kumburin zuciya, babban maƙoƙo, ko rauni wajen fiɗar maƙoƙon. Wani lokaci ciwon cikin ƙwaƙwalwa yake, irin mai shanye ɓarin jiki. Kun ga ke nan, murya ce ta dushe amma ciwon yana wani wuri. Zuma da citta ba su kai can. Ba kuma sammu ba ne.

Mai wannan ciwo muryarsa duk iska ce, yana gajiya in ya yi magana, ruwa yana ƙware shi, tarinsa ba ƙarfi. In dushewar ta wuce sati 3, a tafi asibiti. Lokotoro zai leƙa maƙogwaro da fitila, ya ɗauki hoton ƙirji. Wasu muryarsu takan dawo cikin wata 6 zuwa shekara 1, wasu sai an yi musu aiki.

In kuwa numfashi ya fara ƙara, yana fita da ƙyar, wataƙila tantanin duka 2 ne suka tsaya. Wannan ba a jiran gari ya waye, a nemi mota nan take.