Ɓaure da Mai'aduwa a Adireshin Intanet

Cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, biyu suna da sunayen da ke ba kwamfuta wahala: Ɓaure da Mai'aduwa. Ɗaya yana farawa da harafi mai lanƙwasa, ɗayan kuwa yana da alamar hamza a tsakiyarsa.

Tushen matsalar shi ne tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963, mai alamomi 128 kacal. Da aka zo tsara sunayen gidajen yanar gizo, sai aka taƙaita su ga haruffan a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori. Ke nan ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda rubutun boko ya karɓa tun shekarun 1930, ba su sami gurbi ba, balle ajami.

Sauƙi ya fara samuwa da tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991 ya ba kowane harafi lambarsa. A 2003 aka amince da dabarar Punycode, wadda ke juya suna mai baƙon harafi zuwa jerin da ke farawa da "xn--". A watan Mayun 2010 ne Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami adireshin ƙasa da haruffan Larabci zalla. Amma har yau hamzar Mai'aduwa ba ta shiga sunan gida. A ragowar adireshin kuwa, "Ɓaure" yakan koma "%C6%81aure" idan an kwafe shi.

Shin wannan yana rage wa shafi matsayi a sakamakon bincike? Kamfanin Google ya bayyana cewa injinsa yana karanta irin waɗannan adireshi, kuma kalmomin adireshi ƙaramin tasiri gare su a jeranta sakamako. Abin da shafi ya ƙunsa shi ne kan gaba.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin rubutun kansa. Harafin é na Faransanci ana iya raba shi gida biyu, wato e da alamarsa, don haka inji kan gane dangantakarsu cikin sauƙi. Harafin ƙ kuwa a Unicode guda ne cur, ba ya rabuwa. Ɗalibin da ke neman bayani kan "ƙasa" ta noma, in ya buga "kasa", to ya rubuta sunan macijiya mai mugun dafi ne, sai dai inji ya yi hasashen nufinsa.

Saboda haka makarantar da za ta buɗe shafi ta bar adireshinta da haruffa masu sauƙi, amma ta kiyaye ƙa'idar rubutu a take da cikin bayani. Malamai kuma su koya wa ɗalibai sanya allon rubutun Hausa a wayoyinsu, su riƙa gwada bincike da lanƙwasa da kuma babu ita. Injinan bincike daga rubutunmu suke koyon Hausa. Abin da muka shuka musu shi za su tsirar mana.