Jack Weaver da Tsayuwar da Ta Sauya Riƙon Ƙaramar Bindiga

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Amurka, bakin tafkin Big Bear da ke kan tsaunukan jihar Kalifoniya.

A shekarun 1950, wani tsohon hafsan soja mai suna Jeff Cooper ya riƙa shirya gasar harbi a wannan wuri, ana kiranta Leatherslap. Mutum biyu za su tsaya, kowa da fistol a kube, a gabansu an ɗaure balan-balan a nisan yadi 7. Wanda ya riga fasa tasa shi ya ci. A lokacin kowa kaboyin fim yake kwaikwayo: a fizgo bindiga da hannu ɗaya, a harba daga kwankwaso, ko saiti ba a dubawa. Ƙara ta cika wuri, hayaƙi ya turnuƙe, balan-balan kuwa sau da yawa tana nan tana lilo abinta.

Cikin masu gasar akwai Jack Weaver, ɗan sanda daga gundumar Los Angeles. Shi ya lura cewa sauri ya haifi nawa. A 1959 ya zo da salonsa: ya ɗaga bindigar har daidai idonsa, ya riƙe ta da hannu biyu, ya dubi saiti, sannan ya ja kunama. Wannan ɗan jinkirin ne ya ba shi kambun gasar.

Ga yadda tsayuwar take ga mai amfani da dama. Ƙafar hagu a gaba, jiki a ɗan karkace kamar na ɗan dambe. Hannun dama yana tura bindiga gaba, na hagu yana janyo ta baya, gwiwar hannun hagun tana kallon ƙasa. Wannan turawa da ja su ke danne zabura da bindiga ke yi idan harsashi ya fita. Cooper ya raɗa mata sunan Weaver, kuma da ya buɗe makarantarsa ta Gunsite a jihar Arizona a 1976, ita ya riƙa koyarwa.

To amma zamani riga ne. A shekarun 1980, gwanayen gasa irin su Rob Leatham da Brian Enos suka yi fice da wata tsayuwa da ake kira Isosceles: a fuskanci abin hari gaba da gaba, a miƙe hannaye biyu daidai wa daida. 'Yan sanda da yawa suka koma kanta saboda dalili biyu. Idan tsoro ya kama mutum, jikinsa da kansa yake fuskantar haɗari. Sannan rigar sulke ta fi ƙarfi a ƙirji, mai karkacewa kuwa hammatarsa yake bai wa harsashi.

Sai kuma a 1983, Dennis Tueller, ɗan sanda a birnin Salt Lake, ya auna wani abu da ya sanyaya gwiwar masu taƙama da bindiga. Mutum mai wuƙa a hannu yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da 'yan kai, cikin kamar daƙiƙa ɗaya da rabi. Kusan lokacin ke nan da horarren ɗan sanda zai ɗauka kafin ya zaro bindiga ya harba. Shi ya sa malaman wannan fanni suke nanata wa ɗalibansu cewa su buɗe ido tun haɗari yana nesa, su ja da baya, su nemi abin fakewa, in da hanyar fita su bi ta.

Jack Weaver ya rasu a 2009, amma har yau da sunansa ake kiran wannan tsayuwa a filayen horo.