James Bond: Wane Fim Ne Ya Fi, Kuma Da Wane Mudu Za A Auna?

 A wannan mako wasiƙu uku ne suka haɗu a kan magana guda, don haka sai muka ga ya kyautu mu amsa su gaba ɗaya.

Ta farko daga wani ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, wanda ke son ya san ko James Bond ɗin nan da ake gani a fim mutum ne da ya taɓa rayuwa. Ta biyu daga wani mai gidan kallo ne a Maraɗi. Shi kuma cewa ya yi finafinan sun yi masa yawa, yana son a faɗa masa waɗanda zai riƙa sa wa jama'a don kada ya yi asarar mai da kuɗi. Ta uku kuwa daga wani manomi ne a yankin Funtuwa, wanda gardama ta ƙi ƙarewa tsakaninsa da ɗansa: shi ya ce Roger Moore ne gwani, yaron ya ce Daniel Craig ne. Yana son mu raba musu gardama.

To madalla, mun gode da waɗannan wasiƙu. Bari mu ɗauke su bi da bi.

Shin mutum ne na gaske?

Malam na Dawanau, amsar ita ce a'a. James Bond ƙirƙirarren suna ne a cikin labari. Wani Baturen Ingila mai suna Ian Fleming ne ya ƙago shi. An haifi Fleming a 1908, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojan ruwan Ingila. Bayan yaƙi sai ya gina gida a tsibirin Jamaika, a can yake zama yana rubutu. Littafinsa na farko, Casino Royale, ya fito a 1953. Shi kansa sunan, aro shi ya yi daga wani masanin tsuntsaye ɗan Amurka da ya rubuta littafi a kan tsuntsayen wannan yanki. Fleming ya rasu a 1964, bayan ya ga finafinai biyu kacal daga cikin labaran nasa.

Amma ita hukumar da Bond ke yi wa aiki a cikin labarin, wato MI6, tana nan da gaske. Ita ce ke yi wa Ingila leƙen asiri a ƙasashen waje. An kafa ta a 1909, sai dai kuma sai a 1994 aka yi dokar da ta tabbatar da ita a fili. Wani abin ban sha'awa shi ne, a fim tun 1995 aka ba mace shugabancin hukumar, wato rawar da Judi Dench ta taka, amma a zahiri sai a 2025 mace ta fara riƙe wannan kujera.

Kada kuma ka ɗauka aikin leƙen asiri shi ne tsere da mota da harbe-harbe. Galibinsa haƙuri ne, da saurare, da neman masu kawo labari, da rubuta rahoto. Ɗan leƙen asirin da duk otal ɗin da ya shiga an san sunansa, ai wannan ya gama aiki. Lambar nan ta 007 ma, wadda aka ce sifili biyun na nufin an ba shi izinin kisa, duk cikin adon labari take.

Su nawa ne suka fito a matsayinsa?

Fim na farko shi ne Dr. No, a 1962. Daga nan zuwa No Time to Die na 2021, kamfanin Eon ya yi finafinai 25. Akwai wasu guda biyu da wasu kamfanoni dabam suka yi, a 1967 da 1983, amma yawanci ba a sa su cikin lissafi.

Mutum shida ne suka ɗauki wannan suna a finafinan Eon. Sean Connery, ɗan Sikotland, ya yi shida tsakanin 1962 da 1971. George Lazenby, ɗan Ostireliya, ya yi guda ɗaya tak a 1969. Roger Moore ya yi bakwai daga 1973 zuwa 1985. Timothy Dalton ya yi biyu, a 1987 da 1989. Pierce Brosnan ya yi huɗu daga 1995 zuwa 2002. Sai Daniel Craig da ya yi biyar daga 2006 zuwa 2021. Moore ya rasu a 2017, Connery kuma a 2020.

To wanne ya fi?

Ita wannan gardama, ba ku kaɗai kuke yin ta ba. A Ingila da Amurka da sauran ƙasashe, masu sha'awar waɗannan finafinai sun shafe shekaru suna jera su daga na ɗaya zuwa na 25, kuma da wuya ka ga jerin mutum biyu ya zo daidai. Dalilin kuwa kowane ɗan kasuwa ya san shi: kafin a auna hatsi, sai an yarda da mudun da za a auna da shi. In kai kana awo da tiya, shi yana awo da kwano, har rana ta faɗi ba za ku daidaita ba. A wannan magana mudu uku ne.

Mudu na farko shi ne kuɗi. In ƙidayar dala za a bi, Skyfall na 2012 ne kan gaba, domin ya tara sama da dala biliyan 1 a duniya. Amma a nan sai a yi hattara. Ku tuna kuɗin da ake sayar da buhun masara shekaru 30 da suka wuce, ku kwatanta da na bana. Buhun bai ƙara girma ba, darajar kuɗin ce ta sauka. Haka abin yake a nan. Thunderball na 1965 ya tara sama da dala miliyan 140, a lokacin da kuɗin shiga silima bai taka kara ya karya ba. In aka mayar da wannan kuɗi zuwa darajar yau, sai ka ga yana kafaɗa da kafaɗa da Skyfall. Bayan haka, ciniki ba shi ne kyau ba. Moonraker na 1979, wanda aka kai Bond sararin samaniya saboda ganin yadda Star Wars ya yi kasuwa a 1977, ya fi duk na gabansa kawo kuɗi, amma yau mutane da yawa can ƙasa suke ajiye shi, suna cewa abin ya zama wasan yara.

Mudu na biyu shi ne na masu sharhi, wato waɗanda ke duban tsarin labari da iya wasa. A nan akwai finafinai huɗu da kusan kullum za ka tarar da su a sama.

Akwai From Russia with Love na 1963, wanda yawancin labarinsa a Istanbul ta ƙasar Turkiyya yake faruwa. Labari ne na tarko da yaudara a zamanin yaƙin cacar baka, kuma har yau ana maganar damben da aka yi a cikin ɗan ƙaramin ɗakin jirgin ƙasa.

Akwai Goldfinger na 1964. Wannan kam 'yan kasuwa za su gane shi da sauri. Mugun fim ɗin, wanda 'yan kallo ke kira bos, attajiri ne mai tara zinariya. Dabararsa ba ta sace zinariyar da gwamnatin Amurka ta ajiye a Fort Knox ba ce. So yake ya gurɓata ta yadda ba mai iya taɓa ta shekara da shekaru, don tasa ta yi tsada. Kamar dai mutum ya cika rumbunsa, sa'an nan ya je ya zuba wa na maƙwabta guba. A wannan fim ne kuma aka fito da motar nan Aston Martin mai bindigogi da kujerar da ke cilla mutum sama. Yawancin abubuwan da aka san Bond da su, a nan suka zauna da gindinsu.

Sai Casino Royale na 2006, fim ɗin Craig na farko, inda aka nuna Bond yana sabon shiga, yana kuskure, yana jin ciwo, har ya faɗa soyayya aka ci amanarsa. Na huɗu shi ne Skyfall da muka ambata.

A can ƙasa kuwa, sau da yawa za ka tarar da A View to a Kill na 1985, lokacin da Moore ya kai shekara 57, tsufa ya fara nunawa, da kuma Die Another Day na 2002, wanda aka sa motar da ke ɓacewa daga ganin ido, mutane suka ce wannan kuma an wuce gona da iri.

Amma ko wannan mudu ma yakan canja. On Her Majesty's Secret Service na 1969, wanda Lazenby ya yi, da farko mutane sun yi masa kallon hadarin kaji, don kawai ba Connery ba ne a ciki. A cikinsa ne Bond ya yi aure, aka harbe amaryar a ranar ɗaurin auren. Yau masu sharhi da yawa suna sa shi cikin na gaba-gaba. Dalton ma an ce ya cika ɗaure fuska, amma bayan shekara kusan 20 aka yaba wa Craig a kan irin wannan ɗaure fuskar. Shi kansa Craig, da aka sanar da sunansa a 2005, wasu sun tada jijiyar wuya cewa bai dace ba, har da kawo maganar launin gashinsa. Da fim ya fito sai bakinsu ya mutu.

Mudu na uku shi ne na zuciya, kuma shi ne ya fi ƙarfi. Yawanci Bond ɗin da mutum ya fara gani yana saurayi, shi ne nasa har abada. Dalili kuwa shi ne kowane fim ɗan zamaninsa ne. Na Connery sun zo lokacin da duniya ke fargabar yaƙi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat. Na Moore sun zo da raha da barkwanci da yawon ƙasashe. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, sai aka yi ta tambaya ko Bond yana da sauran amfani, GoldenEye na 1995 ya zo ya amsa. Na Craig kuma sun zo a zamanin ta'addanci da satar bayanai ta kwamfuta. Zamani riga ne, in ji Hausawa, kuma Bond ya sa riguna da yawa.

Saboda haka, Malam na Funtuwa, kai da ɗanka ba wanda ya yi ƙarya. Kai kana son jarumin da zai kayar da abokan gaba ko hularsa ba ta karkace ba, ya kuma ba ka dariya. Shi yana son wanda zai sha duka, ya zub da jini, ya tashi da ƙyar. In kuwa ka matsa sai mun faɗi namu ra'ayi, to a wajen iya wasa da nauyin labari mun ba Craig, a wajen nishaɗi mun ba Moore, amma dukansu biyu a kan turbar da Connery ya share suke tafiya. Fim guda kuwa, in ɗaya za a ɗauka, Goldfinger za mu ɗauka.

Shawara ga mai gidan kallo

Kai kuma Malam na Maraɗi, mudunka dabam ne, domin kai abin da zai cika benci kake nema, kuma galibin 'yan kallonka ba Turancin suke bi ba, aikin suke kallo. Don haka nemi waɗanda ido kaɗai zai iya bin labarinsu.

The Spy Who Loved Me na 1977 yana cikin na farko. An ɗauki wani sashe nasa a Masar, wajen dalar Giza, akwai ƙaton nan mai haƙoran ƙarfe, da motar da ke shiga ruwa ta koma jirgin ƙarƙashin teku. GoldenEye ma haka, akwai tsalle daga kan madatsar ruwa da tsere da tankar yaƙi a tsakiyar gari. In mutanenka masu son finafinan Indiya ne, to ga Octopussy na 1983, wanda aka yi babban sashensa a garin Udaipur, kuma ɗan wasan Indiya Kabir Bedi yana ciki. Sai ka haɗa da Goldfinger da Skyfall.

Ka lura da abu uku. Na ɗaya, tsofaffin finafinan kusan kowanne da labarinsa, kana iya sa su yadda ka ga dama, amma biyar ɗin Craig labari ne mai ci gaba, gara ka bi su a jere: Casino Royale, Quantum of Solace, Skyfall, Spectre, sa'an nan No Time to Die. Na biyu, shi wannan na ƙarshen minti 163 ne, kusan awa uku ke nan, ya fi kowanne tsawo, don haka ka yi lissafin man janareta tun da wuri. A ƙarshensa kuma Bond mutuwa yake yi, abin da ya raba kan masoyansa ƙwarai, kada ka yi mamaki in wasu sun fita suna tsaki.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, waɗannan finafinai ba na yara ba ne. Bond mashayi ne, ɗan caca, mai neman mata, kuma kisa a wurinsa ba komai ba ne. Ko a can Ingila akwai masu sukar yadda tsofaffin finafinan ke nuna mata da mutanen wasu ƙasashe. Ka duba fim kai kaɗai kafin ka sa wa jama'a, ka kuma san waɗanda kake bari su shiga. Ribar dare ɗaya ba ta kai mutuncinka a wurin iyayen yara ba.

Daga ƙarshe, ga mai son sanin inda aka kwana: a 2025 iyalan Broccoli, waɗanda suka riƙe ragamar waɗannan finafinai tun 1962, sun miƙa ikon tsara su ga kamfanin Amazon, aka kuma sanar da Denis Villeneuve a matsayin wanda zai ba da umarni a fim na gaba.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Duk mai wata tambaya, ko a kan noma, ko kasuwanci, ko tarihi, ko al'amuran duniya, sai ya rubuto mana. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.