Yadda Ake Gano Cutar Kafireto: Darasi Daga Injin Bitil

Mota ƙirar Volkswagen Beetle, wadda aka fi sani da Bitil, tana cikin ƙananan motocin da suka fi daɗewa a duniya. An fara ƙera ta a Jamus a shekarar 1938, aka fara harhaɗa ta a Legas a 1975, sa'an nan ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Meksiko a 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21. Motocin zamani kwamfuta ce ke auna musu mai, amma a yawancin Bitil da tsararrakinta kafireto ne ke wannan aiki. Wanda ya fahimci kimiyyarsa zai tsirar da kuɗinsa, wani lokaci ma har da injinsa.

Aikin kafireto

Fetur ba ya ƙonewa sai ya gauraya da iska. Domin ya ƙone ƙurmus, ana bukatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Kafireto bututu ne mai tsukakken maƙogwaro. Idan fistin ya sauka ya zuƙo iska, tana ƙara gudu a wannan matsatsi, ƙarfin danninta kuma ya ragu, kamar yadda masani Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738. Wannan ragin shi ke tsotso fetur daga wani ɗan kofi ta cikin ƙananan ramuka da makanikai ke kira jet. A cikin kofin akwai 'yar gora mai iyo, wadda ke tura wata allura ta toshe hanyar mai idan ya cika.

Saboda haka kusan duk cutar kafireto ɗayan biyu ce: ko mai ya yi yawa, ko iska ta yi yawa.

Idan mai ya yi yawa

Alamunsa su ne baƙin hayaƙi daga salansa, warin fetur, yawan shan mai, da fulogi mai baƙin kunkunniya. Da farko a duba matatar iska, domin ƙurar hunturu takan toshe ta, injin ya kasa numfashi. Sai a duba cok, wato murfin da ke rage iska lokacin da inji ke da sanyi. A kafireto ƙirar Solex 34 PICT-3, wanda ke kan injin 1600, zafin lantarki ne ke buɗe shi. Idan wayarsa ta cire, zai zauna a rufe. Har ila yau, idan gora ta huje ko allura ta lalace, kofin yakan yi ambaliya, fetur ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, ƙarafan inji su riƙa cin juna. Tudu ma yana da tasiri: a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ba ta kai kaurin ta Legas ba, don haka mai yakan ɗan rinjaya.

Idan iska ta yi yawa

A nan inji yakan mutu a silo, ya yi tari ta bakin kafireto, ko ya yi sanyin jiki idan an taka totur. Fulogi kuwa yakan fito fari fat. Sanadin shi ne ko datti ya toshe jet, ko iska na shigowa ta ɓarauniyar hanya, misali ta robobin bututun da ke kai gaurayen cikin inji idan sun tsage, ko ta sandar totur idan ta ci. Akwai kuma wani makunnin lantarki a gefen kafireton da ke buɗe hanyar man silo. Idan an murɗa makulli ba a ji ya yi ƙas ba, to, ga ɓarawon. Wannan cuta ta fi haɗari, domin iska ce ke sanyaya injin Bitil, ba ruwa ba, ƙarancin mai kuwa yana ƙara zafi har ya ƙona bawul ko ya huda fistin.

Tsarin bincike

Kuskuren da aka fi yi shi ne a far wa sukurorin kafireto da sukudireba tun ba a san cutar ba. Matsalar wuta takan yi kama da ta mai. Saboda haka a fara da auna tazarar bawul, milimita 0.15 inji na sanyi, da ta kwantak, milimita 0.4, a daidaita lokacin tartsatsi, a kuma karanta launin fulogi. Bayan haka ne za a kwance kafireto a wanke. A busa jet da iska, kada a zura masa waya, domin ramin zai faɗaɗa, awonsa ya ɓaci. Sai inji ya yi zafi sa'an nan a saita silo, tsakanin juyi 800 zuwa 900 a minti guda.

A ƙarshe, mai karatu ya lura da tiyon da ke shiga kafireto. Injin Bitil a baya yake, direba ba ya ganinsa, kuma tiyo ɗaya da ya tsufa ya isa ya zubo fetur kan distilbuta, mota ta kama da wuta. A ɗaure shi da kyau, a canza shi da zarar ya fara tsagewa, domin rigakafi ya fi magani.