Victor Osimhen: Shekarun da ba a cika ba da labarinsu ba

Ranar wata Asabar muna gidan kallon da ke bayan ɗakunan kwanan maza, musu ya kaure a kan Victor Osimhen. Wani ɗan ajinmu ya ce ai shi sa'a ce kawai ta ɗauke shi daga titin Legas ta ajiye shi a Turai. Da na yi dariya na wuce, amma a makon ne ƙanena ya kira ni daga gida yana cewa wani "ejan" ya zo filinsu, wai in aka biya kuɗin fom da na biza zai kai yara gwaji Turai. Sunan da mutumin ya kafa hujja da shi kuwa Osimhen ne. Shi ya sa na ga ya kamata mu bi tarihin nan daki-daki, mu ga yadda abin ya faru da gaske.

An haifi Osimhen ranar 29 ga Disamba, 1998 a Legas, ya tashi a unguwar Olusosun, gefen babban jujin birnin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, kuma ya yi tallan fiya wata a cikin gosulo don a samu na cefane. Ƙwallo kuma ya koye ta a wata ƙaramar makarantar horarwa mai suna Ultimate Strikers.

Ƙofar da ya bi ta fita ita ce tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 17. A gasar duniya ta 2015 a Chile, ƙarƙashin koci Emmanuel Amuneke, ya ci ƙwallo 10, ya karɓi takalmin zinare, Najeriya ta doke Mali 2-0 a wasan ƙarshe. Masu farautar 'yan wasa da idonsu suka gan shi, su suka biyo shi. Duk da haka bai koma Wolfsburg ta Jamus ba sai Janairun 2017, domin dokar FIFA ta hana a sayi yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Wannan shi ne abu na farko da na faɗa wa ƙanena mai shekara 16: duk wanda ya ce zai sama maka kwantiragi a Turai yanzu-yanzu, ka tambaye shi ta wace doka.

A Jamus fa abubuwa suka cakuɗe. Rauni bayan rauni, ga sanyi, ga baƙon harshe. Ya bar Wolfsburg ba tare da ya ci ko ƙwallo ɗaya a wasan gasa ba. A 2018 zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, ya je gwaji Zulte Waregem da Club Brugge a Beljiyam jikinsa babu ƙwari, dukansu suka ce ba sa so. Yaron da duniya ta tafa wa shekara uku baya, ga shi ana mayar da shi daga bakin ƙofa.

Abin da ya cece shi shi ne tsarin aro. Ga waɗanda ba su saba ba: ƙungiyar da ta mallaki ɗan wasa takan ba da shi ga wata na ɗan lokaci, galibi kaka ɗaya, wani lokaci a rubuta farashin da za a saye shi in ya yi abin kirki. Haka Charleroi ta Beljiyam ta karɓe shi a Agustan 2018. Ƙaramar ƙungiya ce, amma tana saka shi wasa kowane mako, kuma abin da ɗan gaba ke buƙata kenan. Ya ci ƙwallo 20 a kakar. Charleroi ta saye shi, ta juya ta sayar wa Lille ta Faransa a 2019. A can ya ci biyu a wasansa na farko da Nantes, ya gama kakar da 18. A 2020, shekarar da mahaifinsa ya rasu, Napoli ta Italiya ta biya kusan yuro miliyan 70 a kansa.

Baƙin abin da yake ɗaurawa a fuska, wanda yara ke kwaikwayo a layi, ba don gayu aka fara shi ba. A Nuwamban 2021 suka yi karo da Milan Skriniar na Inter, ƙasusuwan fuskarsa suka karye, sai da aka yi masa tiyata. Ya dawo, kuma a kakar 2022/23 ya ci 26 a gasar Serie A, ɗan Afirka na farko da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Ƙwallonsa a ragar Udinese ce ta tabbatar wa Napoli kofin da rabonta da shi tun 1990, zamanin Maradona. A Disambar 2023 aka ba shi gwarzon ɗan wasan Afirka, kyautar da rabon Najeriya da ita tun Nwankwo Kanu a 1999. Bayan dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Napoli, ya sake tafiya aro, wannan karon Galatasaray ta Turkiyya a Satumban 2024. Ya ci kofin lig da na ƙalubale, suka saye shi dungurungum a 2025 kan yuro miliyan 75.

To, ina batun Super Eagles? Nan ne musun gidan kallo ya fi zafi, don wasu na cewa ƙoƙarinsa na kulob ne kawai. Ya fara buga wa manya a 2017, kuma yanzu yana sahun gaba cikin waɗanda suka fi ci wa Najeriya ƙwallo a tarihi, jerin da marigayi Rashidi Yekini ya kafa wa tuta da 37. Ya taɓa cin huɗu shi kaɗai ranar da aka lallasa Sao Tome 10-0 a 2022. Amma masu ƙorafi ma suna da abin riƙewa. A Maris 2022 Ghana ta hana mu zuwa gasar duniya a Abuja, aka tashi 1-1, dokar ƙwallon waje ta fitar da mu. A gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa ƙwallo ɗaya tak ya ci, muka sha kashi 2-1 a hannun masu masauki a wasan ƙarshe na Fabrairun 2024. A Nuwamban 2025 kuma Kongo ta cire mu a bugun fenareti, tikitin 2026 ya kuɓuce.

Ni dai a ganina akwai dalili. A kulob yana atisaye da mutane ɗaya wata da watanni, sun san inda zai ruga tun kafin ya motsa. A tawagar ƙasa kuwa kwana uku ko huɗu ake haɗuwa, koci na canzawa kusan kowace shekara, wani lokacin ma ana rigimar alawus ana gobe wasa. Ɗan gaba komai iyawarsa sai an kawo masa ƙwallo.

Na zayyana wa ƙanena duk wannan a waya. Na ce masa ƙungiyar da ke son ka da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi, kuma wanda ake kafa maka hujja da shi ma sai da ƙungiyoyi biyu suka ƙi shi yana da takalmin zinare a gida. Baba bai sayar da ragon da aka so ya sayar ba. Mutumin ya tattara kuɗin wasu yara uku, har yau lambarsa ba ta shiga. Ƙanena yana nan yana atisaye da yamma, da safe kuma yana shirin WAEC.